Tsakanin Zaure da Mari

Wanda ya bar birnin Tawa ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa fako da tuddan duwatsu da jigayi har ya isa Takanamat, to, ya zo bakin iyakar ƙasar noma, inda damina ko ta yi albarka ba ta cika shige wata uku ba, inda kuma hatsin rumbu, a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, yakan ƙare tun ba a shiga bazara ba. In ya ƙara gaba kaɗan sai Azawak, ƙasar makiyaya, wadda dokar Nijar ta 1961 ta shata wa iyaka ta keɓe ta domin kiwo. Ƙasar Adar da halinta ke nan ba ta iya riƙe mazajenta shekara ɗungum, saboda haka tun kaka da kakanni Ba'adare ya saba da cewa da an yi girbi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu, sai ya ɗaura ƙunshinsa ya tafi bida, wasu Sakkwato da Kano da Jos, wasu Kumasi da Abijan, daga baya kuma Libiya da Aljeriya. Har yau a cikin birnin Sakkwato akwai unguwannin da ake kira da sunan Sarkin Adar, abin da ke shaida daɗewar wannan kai-da-kawo. Mutumin da rabin rayuwarsa ke ƙarewa a garin wasu kuwa ba ya bukatar a karanta masa darajar masauki, domin ya riga ya ga bambancin baƙon da ke da mai masauki da wanda ba shi da shi: na farko in an yi sata a unguwa yana da mai tsaya masa, na biyu shi ake fara kamawa.

Abin da nake so in bi tarihinsa a nan shi ne makomar wanda ya tafi bida ya komo ba da abin da aka aike shi nema ba, watau ya komo da shan ƙwaya, ko ya fito kaso da sunan ɓarawo, har ya kai uwa tana ɓoye 'yan kuɗinta in ta ji sallamarsa, uba kuma ya rantse ba zai sake kwana a gidansa ba. A wasu ƙasashe an gina wa irin wannan mutum gidaje na musamman, inda zai zauna ana lura da shi har ƙafarsa ta tsaya. Mu kuwa magabata sun bar mana hanyoyi biyu game da shi, ɗaya zaure, ɗaya mari. Kuma abin da na fahimta daga tarihinsu shi ne zaure ne asali, mari ya shigo ne a kan lalura, amma sannu a hankali lalurar ta girma har ta danne asalin, aka wayi gari da an ce gidan gyaran hali babu abin da ke faɗo wa mutane a rai sai ƙarar ƙarfe.

A ƙauyukan Adar ba kowane gida ke da zaure ba, sai na maigari, da na liman, da na attajiri ko babban manomi, sauran jama'a rumfa ce ko inuwar bango. Amma duk inda yake, hukuncinsa ɗaya ne. Tabarmi suna nan a naɗe jingine da bango, ga randa a lungu da moɗa a kanta, ga buta. Da an sallame magariba yaro zai fito daga cikin gida da akushin tuwo ko ƙwaryar fura ya dire a tsakiya, ba a ƙidaya hannuwan da za su shiga, ba a kuma tambayar wanda ya zo da yamma daga ina yake ko me ya raba shi da garinsu, domin Hausawa sun ce baƙonka annabinka, shari'a kuma ta ba shi liyafar kwana uku. In kwana uku sun shige bai ɗaga ba, maigida ba zai kore shi ba, sai dai wata safiya ya miƙa masa hauya, ko ya ce ya kama jaki ya bi yara rijiya. Daga ranar ya tashi daga baƙo ya zama yaron gida, ana aikensa kasuwa da kuɗi kaɗan a ga ko canji zai dawo daidai, sa'an nan a ƙara masa, har in ya shekara biyu ko uku ba a kama shi da ha'inci ba maigida ya yi masa aure, ya yanka masa gefen gona. Abin da ya fi tuwon da tabarmar daraja shi ne lamuni, domin ranar da aka kai ƙarar yaron fada maigida ne zai tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, yarona ne, a hannuna yake," kuma wannan kalma takan isa a sake shi. Masani Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Badun ya fitar da littafinsa a 1969, ya iske fataucin shanu da goro duka a kan wannan tsari yake tafiya, masu gida suna saukar da baƙi, suna lamunce musu, suna aurar da yaransu.

Ba na cewa zaure aljanna ne. Yaron gida ba shi da lada sai abin da maigida ya ga dama, kuma a ƙasa irin Adar, wadda ta daɗe a ƙarƙashin takobin Abzinawa tun da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci ta a ƙarshen ƙarni na 17, tsakanin barantaka da bauta wani lokaci tazarar ba ta da yawa. Benedetta Rossi ma, wadda ta rubuta tarihin ƙwadago a Adar, ta nuna cewa tafiya bida ita kanta tana cikin hanyoyin da 'ya'yan bayi suka bi suka kuɓuce wa iyayengijinsu. Sai dai duk da haka akwai abu guda da ba a iya ƙwace wa zaure, shi ne ƙofarsa a buɗe take, wanda zaman ya ishe shi yana iya naɗe tabarmarsa ya ƙara gaba.

Malamanmu ba su rasa asalin wannan al'ada a cikin Sunna ba. A masallacin Madina akwai rumfar da aka keɓe wa Ahlus-Suffa, miskinan Muhajirai waɗanda ba su da iyali ko gida, cikinsu har da Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, ana ciyar da su daga abin da ya samu, wanda ya sami sana'a ko aure ya tashi, wani ya maye gurbinsa. Akwai kuma ƙissar da ta inganta ta mutumin da ya kashe rayuka masu yawa sa'an nan ya nemi tuba, malamin da ya yi masa fatawa bai tsaya ga ce masa ƙofar tuba a buɗe take ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsa na miyagun abokai ya koma garin salihai. Wannan kuwa dalili ne babba a kan cewa tuba, ko da yake aikin zuciya ce, tana bukatar wurin kwana. Haka kuma sahabin nan da aka sha kawowa saboda shan giya, da wani ya la'ance shi, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaidi mutumin da son Allah da Manzonsa. Fuƙaha'un Malikiyya ma, a babin zakka, bayan sun hana a biya wa mutum bashin da ya ci a kan ɓarna, sun togace wanda ya tuba, suka rinjayar da cewa shi ana ba shi. Ashe ke nan baitulmali yana da kaso na wanda ya ɓata dukiyarsa da hankalinsa sa'an nan ya juyo, ko da yake ban cika jin ana ambaton wannan mas'ala a wa'azin watan Muharram ba, lokacin da attajirai ke fitar da zakka.

Mari kuwa daga wata ƙofa ya shigo. Ƙarfe ne da maƙeri ke ƙerawa, zobba biyu da ake sa wa a idon sawu, da sanda ko 'yar sarƙa a tsakaninsu, in an zura a dunƙule bakin da guduma yadda ba ya fita sai an koma maƙera. Wanda aka sa wa ba ya taku sai ja, yakan naɗa tsumma a ƙarƙashin zoben don kada ya ci fata, ya ɗaura igiya a tsakiyar ƙarfen ya riƙe a hannu ko ya ɗaure a ƙugu don ya rage nauyi, kuma duk da haka in ya daɗe sai ya bar tabo mai zobe wanda ba ya ɓacewa har kabari. Ɗan'uwansa shi ne turu, gungumen icce da ake huda a zura ƙafar mahaukaci. Mutum uku aka sani da waɗannan a zamanin da: bawa mai gudu, da mai laifin da ke jiran hukunci a gidan yari, da wanda hankalinsa ya gushe har ana tsoron ya faɗa rijiya ko ya cinna wa gari wuta. Sa'ad da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, shugabansu Lugga ya siffanta kurkukun birnin da cewa ɗaki ne ƙuntatacce marar iska, mai bango da ramukan da ake zura ƙafafun fursunoni. Ko da yake mai cin ƙasa yana da bukatar ya munana abin da ya tarar, babu dalilin ƙaryata shi a kan wannan. Su kuma Faransawa, da suka kafa barikinsu a Tawa wajen 1900, suka zo da nasu kason, da dokar da ta ba kumandan ikon tsare talaka har kwana goma sha biyar ba tare da shari'a ba, wadda ba a soke ta ba sai 1946, shekarar da aka hana aikin dole. Saboda haka mutanen Adar suka tashi suna ganin kaso ba wurin gyara ba ne, wurin wulakanci ne na baƙon sarki, kuma uban da ya kai ɗansa can da hannunsa ya yi abin kunyar da za a goranta wa jikokinsa.

A wannan tsakani, tsakanin gidan da ya gaji da kason da ake ƙyama, gidan malam ya tsaya. Yaron da ya kangare, ya ƙi noma ya ƙi karatu, ya fara ɗauke-ɗauke, uba yakan rasa yadda zai yi, tunda hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sai ya nemi wani malami da aka shaida da kwarjini, galibi a gari mai nisa, domin a raba yaron da abokansa, a kuma rufa asirin gida, ya kai shi ya ce, "Allah gafarta malam, ga amana, ya fi ƙarfina." In malam ya ga alamar gudu sai ya kira maƙeri. Yaron yana kwana a zaure tare da sauran almajirai, yana shan rubutu, yana biya allonsa a bakin wutar tsangaya, da damina yana bin su gonar malam, ranar da aka ga ya natsu a cire ƙarfen, wani ma a koya masa ɗinki ko dukanci, ya koma gida da saukar Alƙur'ani. Masu kare wannan al'ada sukan kafa hujja da Sumama ɗan Usal, wanda aka ɗaure a ginshiƙin masallacin Madina. Amma ya kamata mai kafa hujjar ya kai ƙissar ƙarshenta, domin Sumama fursunan yaƙi ne, kwana uku ya yi, ana ciyar da shi, kullum Manzon Allah da kansa yana zuwa ya tambaye shi abin da ke ransa, a rana ta uku kuma aka kwance shi ba fansa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, a littafinsa na ladubban malaman makaranta ya iyakance dukan ladabtarwa ga bulala uku, ba a ƙarawa sai da izinin uba, ko da izinin ma ba a shige goma. Abin da ya sa gidan malam na da bai cika zama azaba ba, a ganina, ba ƙarfen ba ne, ƙarancin masu ƙarfen ne: ɗaya ne ko biyu a cikin almajirai masu yawa, malam ya san sunan kowane da na ubansa, unguwa tana ganinsu, matan unguwa ne ke zuba musu tuwo.

Abin da ya rushe wannan ma'auni shi ne canjin abin da ake sha da yawan masu shansa. Magabata sun san giya da burkutu, sun san zaƙami mai haukatarwa, sun yi jayayya a kan taba tun zamanin Ahmadu Baba na Tumbutu, wanda ya halatta ta. Imam Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya rarraba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi, da mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, da mai gusar da hankali da ji baki ɗaya, ya sa wiwi a kashi na biyu, ya ce babu haddi a kansa sai ta'aziri. Ta'aziri kuwa manufarsa gyara ce, kuma ijtihadin alƙali ne, ba na duk wanda ya mallaki ɗaki da kwaɗo ba. Bayan yaƙin duniya na biyu wiwi ya bazu, sa'an nan ƙwayoyin hana barci da 'yan ƙwadago ke haɗiya don su yi noman lada yini guda ba gajiya, sa'an nan sholisho na yaran tasha, da maganin tari mai kodin, har aka iso ga tiramol. Wannan magani wani kamfanin Jamus ne, Grünenthal, ya fitar da shi kasuwa a 1977 domin kashe zafin ciwo, likita yana ba da miligiram 50 ko 100. Amma wanda ya cika kasuwanninmu, ana yo shi a Indiya a sauke a tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Ikko, mai 200 ne ko 225, ana sayar da shi a faranti tare da maganin ciwon kai. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa yawancin samarin Adar da suka kamu ba neman nishaɗi ya kai su ba, aiki ne: mai tura amalanke a Kano, da ɗan dako a Abijan, da ɗan kabu-kabu a Tawa, da mai haƙar zinariya a Jado bayan da aka gano ta a 2014, duk sun fara ne domin jiki ya jure abin da ba a halicce shi ya jure ba, sai ranar da suka so bari suka iske jikin ya ƙi, ga zufa, ga ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci, wani har farfaɗiya.

A daidai wannan zamani kuma masaukan bida suka yi ta rushewa ɗaya bayan ɗaya. Gana ta kori baƙi a 1969. Najeriya ta yi haka a 1983, sa'an nan ta rufe iyakarta a 1984 ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. Yaƙin Kwaddibuwa ya tashi a 2002. Mulkin Gaddafi ya faɗi a 2011 dubban 'yan bida suka komo hannu rabbana. Kowace irin wannan girgiza tana tafiya da wasu masu gida da suka shekara talatin suna saukar da 'yan garinsu, ta bar samari suna kwana a tasha da kangaye da ƙarƙashin gada, ba mai ce musu ina ka kwana. Wanda ya je Damagaram ya ga unguwar Kara-Kara, wadda asalinta wurin da aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi ne, ya ga yadda samarinta suka kafa ƙungiyoyin da suke kira fale, kamar yadda Aisha Maki ta nuna a fim ɗinta na 2021, zai gane cewa saurayin da bai sami zauren dattijo ba zai gina nasa, da nasa shugaban, da tasa dokar.

Da masu bukata suka yi yawa, gidan malam ya juye ya zama sana'a. Aka daina kai yaro ɗaya cikin almajirai, aka koma tara ɗaruruwan kangararru da mashaya da masu taɓin hankali a gida guda mai dogon bango, iyaye suna biyan kuɗin wata, manyan ɗaurarru ne ke tsaron ƙanana da dorina, malam kuwa bai san rabinsu ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa a shekarar da ta gabaci binciken, ba a sa giya da taba a lissafin ba. Wanda ya auna wannan adadi da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa zai san dalilin da ya sa gidajen mari ba su taɓa rasa ciniki ba. Ranar 26 ga Satumba 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, wasu suna ba da labarin yunwa da rataya da fyaɗe, cikinsu har da waɗanda aka kawo daga wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Cikin Oktoba aka bi da Daura, da Katsina, da wani gidan a Rigasa, da Zariya, da Ilori, a Nuwamba kuma Badun, har waɗanda aka saki suka doshi 1,500. Wanda ya ga hotunan bai ji tsigar jikinsa ta tashi ba, to, ya binciki imaninsa, domin an yi wa 'ya'yan Musulmi abin da shari'a ta hana a yi wa dabba, an kuma yi shi da sunan Alƙur'ani.

Amma akwai abin da ya biyo baya wanda jaridu ba su daɗe a kansa ba. An kai waɗanda aka kwance sansanin alhazai da makamantansa, aka kira iyaye su zo su ɗauki 'ya'yansu, sai ga wasu iyayen suna kuka, ba kukan murna ba, suna cewa in an mayar musu da shi ina za su kai shi, tunda ba don ƙiyayya suka kawo shi ba sai don ya sayar da akuyar uwarsa, ya ɗaga wa ubansa hannu. Ba na ganin daidai ne a yi wa waɗannan iyaye dariya ko a kira su jahilai. Hukuma ta karya ƙarfen, kuma ta kyauta, amma ba ta shimfiɗa tabarmar da za ta maye shi ba. Abin da take da shi kaɗan ne, misali gidan horon yara na Kakuri a Kaduna, wanda aka yi a kan tsarin da Ingila ta fara a ƙauyen Bostal a 1902, makarantar gyaran hali ta Kiru da cibiyar Ɗorayi a Kano, ita ma ta Ɗorayin da aka nuna ta a binciken BBC na 2018 a kan kodin an ga mutane cikin sarƙa, a Nijar kuma cibiyar yara masu laifi ta Dakwaro, da sashen masu taɓin hankali na babbar likitar Yamai. Dukansu kuwa, ko da sun wadatu, wuraren tsarewa ne ko na jinya, suna da ranar shiga da ranar fita, alhali wahalar mai tuba ba a ciki take farawa ba, a bakin ƙofa take farawa. Wanda aka sallama daga kason Tawa da 'yar ledarsa a hannu, ba shi da kuɗin motar Takanamat, in ma ya samu ya san ba a ɗokin ganinsa, babu wanda zai ba shi jari ko 'ya, wurin da kawai za a yi masa maraba a daren nan shi ne wurin waɗanda suka fara miƙa masa ƙwayar.

Wasu al'ummai sun daɗe da lura da wannan rana ta fita. A Niyok an buɗe wa matan da suka fito kurkuku gida tun 1845. A 1975 wasu mashaya masu neman bari a jihar Meriland ta Amurka suka kama hayar gida da kansu, kowa yana biyan kasonsa, suna zaɓen shugabanninsu, wanda ya koma sha a fitar da shi, tsarin da ya yaɗu da sunan Oxford House. A 1992 kuma wani mai suna Sam Tsemberis ya zo da akasin haka, ya ce a fara ba marar gida ɗaki ba tare da sharaɗin ya bar sha ba, sa'an nan a bi shi da magani, ƙasar Finlan ta ɗauki wannan hanya daga 2008 kuma masu daɗewa a titi suka ragu ƙwarai. Amma misalin da ya fi kusa da mu na Dokta Thomas Adeoye Lambo ne, wanda a 1954, a Aro kusa da Abekuta, maimakon ya jira a gama gina asibiti, ya roƙi mutanen ƙauyukan kewaye su saukar da masu taɓin hankali a gidajensu, kowane majinyaci da ɗan'uwa guda mai kula da shi, suna biyan haya, da safe su zo shan magani, da yamma su koma cikin jama'a, ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Lambo bai ƙago kome ba face ya haɗa mai masauki da likita, ya sa hukuma ta tsaya a bayansu. Wannan kuwa abu ne da garuruwan Adar ke da rabinsa tun tuni, domin har yanzu ba a rasa dattijo mai zaure da gona da mutunci a fada ba. Abin da ba shi da shi shi ne malamin likita mai zuwa duk mako ya duba mai fama da ciwon bari, da ɗan abin da zai ciyar da ƙarin baki a shekarar fari, da idon alƙali wanda zai tabbatar ƙofar tana nan a buɗe, ba a kira maƙeri ba.

Sai dai akwai wadda zaure bai taɓa saukarwa ba ko a zamanin da yake da ƙarfinsa, ita ce mace. Zaure wurin maza ne. Matar da gida ya kora, in ba ta da gwaggo ko inna mai tausayi, masaukin da al'ada ta bar mata shi ne gidan magajiya, wanda shigarsa kaɗai ta isa ta rufe mata sauran ƙofofi. Matan Adar kuwa su ne ke riƙe garuruwa duk rani in maza sun tafi bida, su ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, ana biyansu da abinci. Yanzu da kodin da tiramol suka shiga ɗakunan matan aure da zawarawa da 'yan mata masu talla, ita mai neman bari ba ta iya ko faɗin ciwonta, domin namiji in ya tuba ana cewa ƙuruciya ce ta wuce, ita kuwa abin yana bin ta har ga auren ƙannenta. A gida na biyu da aka fasa a Rigasa, ranar 19 ga Oktoba 2019, cikin mutum 147 da aka fito da su 22 mata ne.